Tsummokin da Baƙuwa Ta Ɗaura a Bayan Garinmu

Lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ina 'yar matar aure mai ɗa ɗaya da tsohon ciki, a wani ɗan ƙauye da ke can ciki bayan Kajiji, cikin ƙasar Shagari. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har yanzu akwai masu shiga noma can. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai 'yar firamare da na taɓa, don haka edita da masu karatu ku yi haƙuri, yadda nake magana haka nake rubutu. Tun ina yarinya ni matsoraciya ce, ko akuya ta yi tari a bayan ɗaki sai gabana ya faɗi. Kuma Allah ya yi ni da ido. In na shiga gida sau ɗaya, in na koma zan gaya miki an canza wa tukunya murfi, an gusar da turmi, zanen da ke kan igiya ba na matar gidan ba ne. Mahaifiyata takan ce da ma hankalina ya kai idona sauri. A lokacin dariya nake yi, na ɗauka yabo ne ta lulluɓe da faɗa.

Shekarar da aka kawo ni garin, in ba ki yi sammako ba sai ki tarar da layin tuluna a rijiya har gindin tsamiya. Kafin in yaye ɗana gari ya fara zubewa a hankali kamar buhun da ɓera ya huda. Ba wai an taɓa shigo mana ba, labari ne kawai ke zuwa daga gabas, an kore shanun wane, an ɗauke matar wane. Masu hali suka fara sayen fili a bakin titi, wasu Shagari, wasu Dandin Mahe, wasu har Boɗinga. Mutum zai kwashe iyalinsa, ya ɓalle kwanon rufi da ƙyauren ƙofa, ya toshe zaure da ƙaya, sai dai da damina ki gan shi bisa babur ya zo gona da hantsi, kafin la'asar ya juya. Mai injin niƙa ya tashi, muka koma turmi da dutse. Matan rugar da ke kawo mana nono suka daina zuwa, aka ce sun yi kudu da abin da ya rage musu, don su ma ba a bar su ba. Iyayena suka koma Boɗinga suka kama haya, su da ƙannena duk a cunkushe. Mijina kuwa ya tafi Kurmi, can kudu, cin rani yana harkar albasa, cin ranin da ya haɗiye damina ya sake shiga wani rani, sai dai ya leƙo mu jefi-jefi ya koma. Aka bar ni da surukata, wadda nake kira Inna, tsohuwa da idonta ya kusa rufewa, ta rantse ba mai raba ta da garin da aka binne mijinta. Sai yayan mijina, da nake ce wa Yaya, wanda ya kai nasa iyalin Shagari amma yana kwana tare da mu saboda tsohuwa da shanunsa na huɗa.

Namu na fita, wasu na shigowa. Mutanen da aka tasa daga gabas sukan iso a ƙasa ko bisa amalanke, su durƙusa gaban maigari, ya nuna musu kangon da masu shi suka bari. Haka aka ba wata dattijuwa kangon da muke katanga ɗaya da shi, katangar ma ta zube daga gefe har ana iya tsallakawa. Siririya ce doguwa, Hausarta ta karkata wajen Zamfara, ta zo da jikarta 'yar ƙarama, da akuya ɗaya, da tukunya, da ƙullin kaya. Na fara kiranta Gwaggo don girmamawa, sunan ya bi ta. In an tambaye ta sunan garinsu sai ta ce garin ba ya nan yanzu, ko ta faɗa ba wanda zai same shi. In an tambayi uwar yarinyar ko ubanta sai ta kama gyaran ɗankwali ta kawo wata magana. Inna ce kaɗai ta karɓe ta hannu biyu, ta ce ta gaji da hira da kaji.

Ni kuwa idona ya fara aikinsa. Na lura ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta duka ba, in ta ciri zane sai ta sake ɗaurewa ta rataye a bakin ƙofa. Wata safiya na shiga kai mata koko na tarar jikarta na barci da takalmi a ƙafa. Ba ta hura wuta bayan magariba, gara ta ci tuwo da sanyinsa. Sannan ga tambaya. Wa da wa ke da babur a garin nan, maza nawa ke kwana, nawa ke komawa bakin titi, kwarin da ke bayan gari ina ya ɓulla. A lokacin kuma maganar infoma, masu kai wa ɓarayin daji rahoto, ta cika rediyo da wayoyin mutane, ana cewa mutanen daji ba sa shiga gari sai da na ciki, kuma sun daina aiko samari, tsofaffi da mata suke turowa don ba a zarginsu. A rijiya wata mai bakin tsiya ta sa mata suna malamar ƙidaya, ta ce saura ta zo da alli ta rubuta lamba a ƙofofinmu. Aka yi ta dariya, da Gwaggo ta ɓullo da tulunta kowa ta kama igiyar gugarta. Ni ban yi dariya ba, don ni nake katanga ɗaya da ita, kuma ni ce mai tsohon cikin da ba ta iya gudu.

Naƙuda ta kama ni da rana, damina ta yi nisa, Yaya yana gona, ungozomar garin kuma ta daɗe da bin 'ya'yanta Shagari. Inna na lalube tana salati, ba abin da take gani. Gwaggo ce ta tsallako katanga ta riƙe ni har na sauka lafiya na sami ɗiya mace. Ita ta yanke cibi, ita ta binne mabiyiya. Na so in tafi gida wankan jego, wanda mu muke ce wa wankan biƙi, amma gidan ina? Ɗakin haya ne, ba tsakar gidan da za a girka tukunya, itace kuma sai an saya. Mahaifiyata ta zo suna ta koma, ta roƙi Gwaggo ta riƙe mata amana. Wallahi ta riƙe. Safe da yamma za ta tafasa ruwa ta tsoma ganyen dogonyaro tana fyaɗa mini, in na yi raki ta ce mini raguwa, 'yan matan yanzu ko ruwan shayi sai an fifita musu. Ta dama kunun kanwa ta tsaya kaina sai na shanye. Ɗana kuwa ta mai da shi angonta, kullum tana tsokanarsa ina cefane, Inna na amsawa daga ɗaki cewa ita ma haka take fama da shi, ko goro bai taɓa saya mata ba.

To amma ko a cikin wankan akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai. Ta ɗauke murhun daga tsakar gida ta kai cikin wani ɗakin da rufinsa ya faɗi, wai kada a hango wuta daga nesa. Ta hana a shanya tsummokin jaririya a kan danga, ta ce gidan da ke da mai biƙi bai kamata na waje ya san da shi ba. Daga baya ta fara sa ni zagaye tsakar gida da goyo, da sauri, tana kallon ƙafata. Ta koya mini ɗaurin majanyi biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, ta tambaye ni in ta kama zan iya kaiwa kwari ban zauna ba. Ina zaune tana zuba mini ruwa a baya, jikina na jin daɗi, zuciyata kuwa na tambaya me ya dame ta da sanin ko ina iya gudu, kuma wa za ta kai wa amsar.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne buhu. Akwai tsofaffin buhunan taki farare da Yaya ya cusa ƙarƙashin rumbu, na ga ɗaya ya ɓace, na ga wani an yanke masa baki, yanka madaidaici na wuƙa, ba cin ɓera ba. Na kuma lura bayan wankan yamma Gwaggo kan fita ta bayan gida wai ɗebo ganye, ta daɗe, alhali ga dogonyaro nan ƙofar masallaci ba sai an shiga daji ba. Mai biƙi ba ta fita kafin arba'in, amma wata yamma na kwantar da jaririya kusa da Inna, na ce zan zagaya, na bi ta. Gero ya wuce kan mutum a lokacin. Na laɓe ina hangenta a kan iyakar gonaki, ta ciro ɗan siririn tsumman buhu daga haɓar zanenta, ta duƙa ta ɗaura a jikin sabara. Ta yi gaba kaɗan, ta waiwayo ta duba, ta koma ta gyara shi, ta sake yin gaba ta ɗaura wani a jikin kalgo. Haka take yi tana gangarawa wajen kwari, inda ba kowa sai daji. Na koma gida na ɗauki ɗiyata na rungume, nonon ma ya ƙi zuwa.

Ban tambaye ta ba. Wannan shi ne abin da ke cina har yau. Da safe ta zo ta yi mini wanka kamar kullum, bakina na kusa da kunnenta, ban tambaye ta ba, don na ce in ta san na gani, da ni da 'ya'yana za a fara. Na jira Yaya ya dawo yana ɗaure shanu, na durƙusa daga nesa na ce ina da magana. Ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Na faɗi ƙullin kaya, na faɗi takalmi, na faɗi tambayar babura da maza masu kwana, na faɗi buhu da sabara. Ban faɗi cibi ba, ban faɗi kunun kanwa ba, na ce a raina ai ya san da su. Yana murza igiya ya ce in ji tsoron Allah, magana irin wagga tana iya cin ran mutum, ko na tabbata. Na ce da idona na gani, in yana shakka ya je bayan gonar liman ya duba. Ya je ya dawo da tsummoki a hannu, fuskarsa ta canza.

Washegari da hantsi aka kira ta ƙofar maigari, mazan da suka rage suka taru, da samarin sa-kai da bindigoginsu na toka. Gidanmu ba nisa, na tsaya bayan danga da goyo ina ji. Ta durƙusa ta ce ranka shi daɗe, ita ta ɗaura, ba ta musu. Ta ce ranar da aka shiga garinsu damina ce irin wagga, kowa ya faɗa cikin gero, kuma wanda bai taɓa gudu cikin gero ba bai san mutum na iya gudu har ya gaji ya sake ɓullowa inda ya taso ba. Ɗiyarta, uwar yarinyar nan, tana cikin biƙi a lokacin, suka rabu a gona, ita ta fita da jika, ɗiyar da jaririnta suka kewayo suka faɗa hannun mutanen, har yau ba labari. Shi ya sa duk inda ta sauka sai ta san hanyar fita, ga kuma wata mai biƙin Allah ya sa a hannunta. Wani saurayi ya ce in don alheri ne me ya hana ta gaya wa maza, sai saɗaɗawa kamar mai satar kaza. Ta dubi saurayin ta ce ɗana, ai ta gaya wa manya tun zuwanta cewa ya kamata gari ya san inda zai nufa, aka ce kada ta yi musu mugun baki, ita da ta zo jiya ba ita za ta koya musu garinsu ba. Sai wani dattijo ya ce shi abu ɗaya ya sani, alamar da za ta fitar da mutum ita ce za ta shigo da wani. Wurin ya ɗauki guna-guni, ni ma daga bayan danga na gyaɗa kai. Samari na cewa a ɗaure ta, wasu na faɗin abin da ya fi haka muni, liman ya tashi ya ce ba za a taɓa tsohuwa a kan zato ba. Maigari ya yanke ta bar gari kafin rana ta faɗi. Ta tambaya wa ya gan ta. Ta ɗago ta dubi wajen dangarmu, ban san ko ta hango ni ba.

Ta tsallako katangar karo na ƙarshe. Ashe kafin a kira ta ta riga ta ɗora ruwan wankana, yana nan yana tafasa. Ta sauke shi, ta gaya wa Inna a nemi wadda za ta ƙarasa mini wankan, kada a yanke shi, sanyi zai shige ni. Ta duba cibiyar jaririya ta ce ta warke. Ni kuma ta kira ni 'yar nan, ta ce kada in yi ragwancin majanyi na biyu. Inna na kuka tana cewa duk wanda ya kai wagga magana Allah ya gan shi, ni ina sunkuye ina ba da nono kamar ban ji ba. Ɗana ya bi jikarta har zaure yana riƙe da igiyar akuyar, sai da aka ɓanɓare hannunsa. Ba ta ɓata lokaci wurin haɗa kaya ba, ƙullin na rataye inda yake tun ranar da ta zo, hannu kawai ta miƙa. Har wannan sai da na lissafa mata cikin laifi, na ce ga wadda ta san za a kama ta. Samari suka bi iyakar gonaki suna tsinke tsummokin, ruwa ya koro su kafin su yi nisa, suka ƙone abin da suka samo.

Na sami barci na 'yan kwanaki, ba zan ɓoye muku ba. Wankan kuwa ya koma na jeka-na-yi-ka, ni ke ɗora ruwa ni ke fyaɗa wa kaina, har zazzaɓi ya fara kama ni. Ban cika arba'in ba, wata rana bayan azahar, gari ya lumshe da hadari, muka ji harbi daga ƙauyen da ke gabas da mu, sai kuma rurin babura masu yawa a kan hanyar Kajiji, hanya ɗaya tilo da muka saba fita ta ita. Yaya ya saɓa Inna a baya ya ce kowa ya shiga gero. Ban san sa'ad da hannuna ya ɗaura majanyi biyu ba. Na fizgi ɗana muka faɗa gona, wasu mata da yara na bayana. Abin da Gwaggo ta faɗa a ƙofar maigari haka yake ba ragi. Ba rana a sama, ba komai a gaba sai kara da ganye na yankar fuska. Muka yi ta gudu har ƙirjina ya ɗauki zafi, sai na ɗaga kai na hango kan tsamiyar rijiyarmu a gabana, ga muryoyin da ba na garinmu ba. Mun kewayo. Na toshe bakin ɗana da tafin hannu na juya, muka rarrafa har muka faɗo kan wata iyakar gona, a nan na ga ɗan farin abu a jikin sabara. Na isa wurinsa na hango wani a gaba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, matan na bina, har ƙasa ta gangara muka sauka cikin kwari.

A kwarin na tsaya in ga ko an biyo mu, na waiwaya wajen da muka fito. Ban ga tsumma ko ɗaya ba. Na ɗauka tsoro ne ya rufe mini ido, na sake duba sabarar ƙarshe da hannuna ya taɓa yanzu-yanzu, ganye kawai. Sai da na ɗan hau na zagaya ta gabanta na gan shi, an ɗaura shi ƙasa-ƙasa ta ɓangaren da ke kallon gari, ganye ya rufe shi ta baya. Wanda ya taso daga gari, musamman macen da goyo ya duƙar da ita, zai gan su tun daga nesa. Wanda ya taso daga daji ko a kansu ya tsaya ba zai gani ba. Nan na tuna yadda take yin gaba ta waiwayo ta koma ta gyara. Ashe tabbatarwa take yi ba a ganinsu daga can. Na ga wannan da idona ranar da na bi ta, na kai wa Yaya komai ban da shi, don ban ɗauke shi a bakin komai ba. Samarin da suka je tsinkewa su ma daga gari suka taso, ba wanda ya juya ya duba bayansa. Muka bi kwarin da ta yi ta tambayar inda ya ɓulla, ya fitar da mu bakin titi ana kiran magariba.

An kore shanu ranar, an ƙone rumbuna, an tafi da mutane, wasu sun dawo wasu shiru. Yaya da Inna sun tsira, amma garin bai sake zama gari ba, kowa ya ɓalle kwanonsa. Mijina ya zo ya kama mana ɗaki a Boɗinga, a wata sabuwar unguwa da kwanan nan gona ce, ya koma Kurmi. Abin da ban zata ba shi ne mutanenmu suka ƙara tabbata Gwaggo ce ta turo su, ramuwar korar da aka yi mata. Na faɗi abin da na gani a kwari, na ce a je a duba. Yaya ya ce in bar tone-tone, ni ce fa na kawo maganar tun farko. Cikin matan da suka biyo bayana a geron nan har da waɗanda suka ce wadda ta yanke wa ɗiyata cibi ai ta gama da ni, dole in kare ta. Ni ban san wa ya nuna wa mutanen hanya ba, ban ma san ko suna buƙatar mai nunawa ba. Na yi cigiyarta a tasha, na tambayi 'yan kabu-kabu na Shagari da na Kajiji. Wani ya ce tsohuwa da yarinya da akuya, irinsu kullum sai ya ɗauka, in gaya masa sunanta. Sai a lokacin na gane matar da ta ga tsiraicina safe da yamma ban taɓa tambayar sunanta ba.

Yanzu ni ce baƙuwa. Ƙullin kayana na rataye a bakin ƙofa, 'ya'yana da takalmi suke kwana. Da muka tare na tambayi mai shagon unguwa wa da wa ke da babur a layin, na ga yadda ya dube ni. Maƙwabciyata 'yar asalin garin ce, gonar kakanta aka yanka muke zaune a kai. Mace ce mai kirki, amma in na iso bohol sai hira ta mutu, kuma ta sha tambayata wai a wane gari ne takamaimai mijina ke sayar da albasar. Kwanan baya da yamma na fita bayan unguwa ina duba inda lungunmu ya ɓulla, sai na ji takun mutum a bayana ya tsaya da na tsaya. Na san takun, don na taɓa yin irinsa. Na juya na ce maƙwabciya, ta fito daga bayan bulo ta zo ta tambaye ni me nake dubawa, zan gaya mata. Ta fito da kunya tana cewa ita itacen girki take nema. Muka zauna bisa bulon mutane na ba ta labarin nan kaf. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, Allah masani, amma dai daga bakina ta ji.

Ba na cewa babu infoma, akwai su, sun ci garuruwa, kuma ba na cewa kowa ya rufe idonsa. Abin da nake roƙon 'yan'uwana mata, musamman ku da baƙi suka cika unguwanninku, ku sani wanda aka taɓa kora daga gidansa yana da ɗabi'u masu kama da na mai mugun nufi, yana ƙirga maza, yana leƙen lungu, ba ya kwance kaya. In kin ga abin da ya tsorata ki, ki tambayi mai shi tukuna, ko ki sa babba ya tambaya a cikin gida, don in magana ta kai ƙofar maigari ta fita hannunki. In kuma za ki kai, ki kai duka, har da ruwan zafin da aka dafa miki. Ni gaskiya zalla na faɗa, kuma da ita aka kori tsohuwa da marainiya zuwa inda ban sani ba. Kullum ina roƙon Allah gafara, amma haƙƙin na mutum ne, sai ta yafe. In akwai wanda a unguwarsu wata doguwar tsohuwa ta sauka da jika mace, ba ta hura wuta bayan magariba, tana yawan tambayar inda hanya ta ɓulla, ku bar ta ta ɗaura abin da za ta ɗaura. Ku ce mata ɗiyar da ta yanke wa cibi a bayan Kajiji tana tafiya da ƙafarta yanzu, kuma hanyar ta fitar da mu, har da waɗanda suka yi mata dariya a rijiya.